Wa ya raɗa musu sunan?

Wato yanzu Nijar ta zama jeji ke nan? Jiya da daddare a teburin mai shayi a Unguwar Sanusi wani yaro, ko gemu bai gama tsirowa ba, yake rantsuwa wai ko kuɗi aka ba shi ba zai taka Maraɗi ba, ƙasa ce da ba doka ba oda. Na ce, “Samari, ka taɓa zuwa?” Ya ce, “A'a Baba, a labarai na ji.” Ko Jibiya bai sani ba fa.

Suna aka raɗa, shi kuma ya haddace.

A 2021 da shugaban Chadi Idriss Deby ya rasu, ɗansa Mahamat ya ɗare kujera da kakinsa, aka jingine tsarin mulki. Macron na Faransa da kansa ya je jana'iza a Njamena. Abin da kunnena ya fi ji a rediyo lokacin shi ne “gwamnatin riƙon ƙwarya”. Riƙon ƙwarya, sai ka ce fura aka ba shi ajiya! Da aka kifar da Bazoum na Nijar a Yulin 2023 kuwa, sai “sojojin da suka ƙwace mulki” safe da yamma, har aka yanke musu wuta daga nan Najeriya wasunmu suna tafi. Kakin ɗaya ne, sunan ne ya bambanta.

Na san masu cewa ina kare juyin mulki sun fara wasa yatsu. Ku huta, na ga zamanin Abacha da idona. A kan suna nake magana. Mandela fa sai 2008 Amurka ta goge sunansa daga jerin 'yan ta'adda, bayan ya karɓi Nobel, ya yi shugabancin ƙasarsa ya sauka. Wasu in bam ya faɗa musu “an kashe su”, wasu kuwa “sun rasa rayukansu”, kamar a kasuwa suka yar.

Wallahi abin da ke ci min rai, da Hausarmu ake ɗura mana wannan, da muryoyin da muka taso muna ji tun rediyon babanmu mai batir. Ba ka gardama da muryar da ka saba da ita.

Af, shi mai shayin ma ɗan Tawa ne ta Nijar, yana ji bai ce uffan ba, ya ci gaba da kaɗa ƙwai. Amma ni da shi akwai magana, don madarar da yake zuba min kwanan nan ko ƙuda ba za ta ƙosar ba.