Hoton ciyaman ba tarihin gari ba ne

Kun dai ga abin da aka ƙaddamar a mashigar garinmu ranar Asabar. Ni raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. An tayar da ƙatuwar ƙofar maraba, an manna mata tayil, an ɗora hoton ciyaman a sama, an rubuta sunan ɗan kwangila har da lambar wayarsa. Duk faɗin bangon nan ba a sami wuri ko kamar tafin hannu da za a rubuta wanda ya sari garin ba, balle inda kakanninmu suka taso. Ga kufan tsohon gari can bayan firamare, ragowar ganuwa tana nan, ramukan marina sun cika da leda da toka. Baƙo zai wuce su a mota bai san ya wuce komai ba. Ɗan garin ma haka.

Allo nake nema. Allo a bakin titi, layi biyar ko shida, da boko da ajami, ya ce a nan aka yi kaza, shekara kaza, su wane suka yi. Shi ke nan fa. Kuɗin tayil ɗin ƙofar nan kaɗai ya isa a kafa irinsa a kowace mazaɓa.

Kada wani ya ce min ƙauye ba shi da tarihin da ya kai a rubuta. Satiru ƙauye ne, kudu da Sakkwato kaɗan. A watan Fabrairun 1906 talakawa ne zalla, manoma da bayin da suka gudo, da gatari da fartanya da baka, suka tari sojan Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. A watan Maris aka dawo musu da runduna. An kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin ƙurmus, aka hana kowa sake zama a wurin. Ɗan Makaho da ke cikin jagororinsu aka kama shi, aka kashe shi a Sakkwato. Ko kana ganin sun yi daidai ko kana ganin sun yi ganganci, jinin mutane ne ya zuba a wannan fili, kuma yaron da ke kiwon awaki a kusa yana da hakkin ya karanta haka da idonsa, a harshensa, ba sai ya je jami'a wani littafin Turanci ya ba shi labarin bayan gidansu ba.

Duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau yana ɗaga kai ya kalli dutsen Kwatarkwashi. Mutum nawa ne a cikin motar suka san a wannan yanki Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a 1903, makonni kaɗan bayan Turawa sun ci Kano? Ga Burmi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Mai Wurno ya zarce da jama'a har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau a bakin kogin Nilu. Duk a karkara aka yi waɗannan. Ba a Abuja ba.

Na san abin da za ku ce: ana fama da 'yan bindiga da tsadar taki, kai kana maganar allo. To da aka zo gina ƙofar maraba wa ya tuna da tsadar taki? Kuɗin an riga an kashe, inda aka kashe shi nake ƙorafi. Wasu kuma su ce 'yan jari-bola za su tumɓuke shi cikin dare. A yi na siminti mana. Masu cewa zai tayar da rigimar sarauta tsakanin gidaje biyu, a zaunar da dattawan gidajen biyu, abin da suka yarda da shi a rubuta, inda suka saɓa a rubuta duka biyun. Wannan ba hujjar barin bango da hoton mutum ɗaya ba ce, mutumin da nan da 'yan shekaru zai sauka wani ya zo ya kankare fuskarsa ya liƙa tasa.

Wallahi abin da ke ci min rai dattawan ne. Masu iya jero sarakunan garin da ka, su nuna maka inda ƙofar gabas take da inda ake cin kasuwa kafin a mayar da ita bakin titi, kullum raguwa suke yi. Ba mu ɗauki muryarsu ko a waya ba.

Sannan masu buga bulo da ke sarar ganuwar nan suna lodawa a amalanke, wa ya ba su izini? Da ranar Allah suke yi, mai unguwa yana wucewa ta wurin safe da yamma. Ɓangaren da ke kusa da tsohuwar kuka tun damina ya zama rami, yanzu har yara na wanka a ciki.