Fitilar keke mai baza haske ko mai tsini? Ni dai na riga na zaɓi ɓangare

Fitilar farko da na ɗaura wa kekena irin mai tsinin hasken nan ce, wadda in ka kunna sai kaga kamar an miƙa farar sanda a tsakiyar duhu. Ranar da na samo ta har fankama nake, ina haska saman bishiya can nesa ina cewa kai wannan ai ta gama magana. Dare na uku na shigo wata kwana da ɗan gudu, hasken yana can gaba kan wani bango da ba can na nufa ba, ita kuwa kwanar da zan shiga baƙi ƙirin, ashe akwai tarin yashi a gefe, tayar gaba ta nutse kawai sai gani a ƙasa gwiwa a goge. Fitilar tana kwance gefe guda tana ta aikinta, ta haske ganyen bishiya tsaf.

Tun daga ranar nake da ra'ayi kan wannan gardamar kuma ba zan ɓoye ba: in fitila ɗaya zaka saya, ka sayi mai faɗin haske. Mai tsini ƙari ce, ba ita ce ta farko ba. Na san masu gudu zasu taso min, zan zo kansu.

Abinda ke ruɗa mutane shine lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali, lumen 500, lumen 1000, kowa na neman wadda ta fi yawa. To lumen jimillar hasken da fitilar ke fitarwa ne kawai, bai gaya maka ina hasken ya tafi ba. Abinda idonka ke amfani da shi shine wanda ya sauka a kan hanya, shi kuma da luks ake auna shi, luks ɗaya shine lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Bari mu yi lissafin. Fitila mai tsini da buɗewarta digiri 10 ne, in ka tsaya mita 10 daga bango da'irar da zata zana faɗinta kamar mita 1.75 ne. Mai bazawa ta digiri 40 kuwa da'irarta ta wuce mita 7. Filin ta biyun ya ninka na ta farkon kusan sau 17, kenan in duk su biyun lumen 500 ne, ta farko zata baka wajen luks 200 a bangon, ta biyu luks 12 kacal. Ƙwan fitila iri ɗaya, batir iri ɗaya, lamba iri ɗaya a kwali, amma a hanya kamar ba 'yan gida ɗaya ba. Bambancin duk daga gilashin gaba ne da kwanon da ke bayan ƙwan, mai santsi da zurfi yana tattarawa, mai kaushi-kaushi ko gilashi mai ɗan hazo yana bazawa.

Yanzu masu tsini zasu ce ka gani ko, 200 da 12 ai ba haɗi. Kuma suna da gaskiya ta wani gefen, don haske raguwa yake da nisa ba da wasa ba, in nisa ya ninka biyu hasken kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, wancan luks 12 ɗin a mita 20 ya zama 3. Shi kuma gudu nisa yake ci. Mai tafiyar kilomita 30 a awa yana cinye mita 8 da ɗoriya duk sakan guda. Mu ce kafin ido ya gane rami ne, hannu ya kai ga birki, sakan ɗaya da rabi ta wuce, mita 12 kenan sun tafi ba a ma fara tsayawa ba, birki mai kyau a busasshiyar kwalta ya ƙara cin kamar mita 7, kaga ana maganar mita 20. A kilomita 40 kan gangara lissafin ya doshi mita 30. Wanda ke irin wannan gudun a miƙaƙƙiyar hanya marar fitilun titi dole yana buƙatar haske mai kai nesa, ban musa ba.

Amma mutum nawa ne ke wannan gudun da daddare? Yawancin masu keke a dare tsakanin kilomita 15 zuwa 20 suke, a 15 ɗin ma mita 8 sun ishe ka tsayawa, kuma abubuwan da ke kayar da mutum a irin wannan tafiyar ba daga can ƙarshen hanya suke zuwa ba, daga gefe suke: kare ya fito, mai tafiya a ƙasa ya sako ƙafa, bakin kwalta ya zaizaye, reshe ya leƙo, ko kwana irin tawa. Fitilar da ke ɗaure a hannun keke inda tayar gaba ta kalla take kallo, ba inda kai ka kalla ba, kuma a kwana ido yana riga hannu juyawa sosai.

Akwai kuma matsalar ido da ba a cika faɗa ba. In akwai wani ɗigon haske mai ƙarfi a gabanka ido da shi yake daidaita kansa, ƙwayar ido ta tsuke, duk abinda ke wajen da'irar ya ƙara duhu fiye da yadda yake. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi nan take yake rusa wannan sabon. Shi yasa mai fitila mai tsini yake jin kamar cikin bututu yake tafiya, ga ɗigon yana ta rawa duk sanda taya ta hau dutse, bayan awa guda kai ya fara sarawa.

To kar kuma a ce na wanke mai bazawa tas. Ita ma irin ta zagayen nan, wadda ainihinta tocila ce aka yi mata mariƙi, tana da nata laifin, kuma babba ne. Kusan rabin haskenta sama yake tafiya, kan rassa da wayoyi da idon wanda ke tahowa. Ko kaɗan ba daɗi a dallare ka da fitila a siririyar hanya, kuma direban da ka kashe wa ido ai kai ne a gabansa. Sannan tana zuba haske da yawa dab da tayar gaba, mita biyu uku ɗin nan su yi fari fat, wanda shi ma yana tsuke ido ya hana ka ganin nesa.

A nan ne Jamusawa suka burge ni. Dokarsu ta ababen hawa, StVZO, ba ta damu da lumen ba. Cewa tayi fitilar gaba ta bada aƙalla luks 10 a nisan mita 10 a inda ta fi haske, sannan in aka ɗaga sama da wurin da digiri 3.4 kar hasken ya wuce luks 2. Ma'ana hasken a yanke yake ta sama kamar dim ɗin mota, mafi ƙarfinsa yana dab da layin yankan don ya kai nesa, yana sassautawa yana faɗaɗa yayin da yake matsowa kusa da taya. Kaga an haɗa amfanin biyun a fitila ɗaya. Wadda ta ci gwajin ana buga mata alama, wani layi mai lanƙwasa-lanƙwasa da harafin K da lamba, shi yasa kamfanoninsu irin su Busch & Müller luks suke rubutawa a kwali. Su ko fitila mai ƙyaftawa basu yarda a ɗaura ta a keke ba, alhali Birtaniya ta halatta ta tun 2005, wannan dai kowa da nasa. Ni dai in hanya ta kwalta ce da ake haɗuwa da mutane, irin wannan mai yankakken hasken nake cewa a nema, ko da lambar lumen ɗinta ta yi ƙasa da ta maƙwabciyarta a kanti.

Cikin daji labarin ya sauya. Can kana son ganin reshen da ke daidai goshinka, yankakken haske zai ɓoye maka shi. Masu hawan tsaunuka da keke da dare sun daɗe da warware nasu: mai bazawa a hannun keke, mai tsini a hular kwano. Ta hular tana bin ido, ka waiga kwana ta waiga. Ta hannun kuma da yake tana ƙasa da ido, duk dutse da rami sai ta yi masa inuwa, inuwar ce ke nuna maka zurfi. Gwada kashe ta ka bar ta hular kaɗai zaka sha mamaki, hanya sai ta koma shafal kamar an goge ta, don hasken daga kusa da idonka yake fita inuwar duk ta ɓuya a bayan duwatsun. In kuma akwai ƙura ko hazo ko yayyafi, ta hular ce ke fara dawo maka da hasken cikin ido. Kuma don Allah mai fitila a hula ya dinga kawar da kai in zai gaisa da mutum.

Wani abu game da kwali kafin na manta. In kaga an rubuta wai haske na kaiwa mita 200, a ma'aunin ANSI FL1 da masu tocila ke bi ana nufin nisan da hasken ya ragu zuwa luks 0.25, kamar hasken farin wata kenan, ba wanda zaka gane rami da shi kana gudu ba. Awannin batir ma ana ƙirga su ne har sai hasken ya koma kashi 10 cikin 100 na farkonsa, ga ƙananan fitilu da yawa in sun ɗau zafi da kansu suke rage ƙarfi bayan 'yan mintuna.

Gwajin da nake yi yanzu ba wuya. Na jingine keken kamar mita 10 daga bango cikin duhu na kunna. Ina duba ko akwai ɗigo mai ƙarfi a tsakiya da duhu ya zagaye shi farat ɗaya, ko kuwa hasken a hankali yake narkewa zuwa gefe, na biyun nake so. Sai na sunkuyar da ita har wurin da ya fi haske ya sauko ƙasa da tsayin fitilar kanta, na matse mariƙin sosai don in ya saki rami ɗaya ya isa ya ɗaga ta sama. Daga nan na taka zuwa bangon na juyo na kalli keken, in na runtse ido to sai na koma na ƙara sunkuyar da ita.