Samanja ya tafi, me muka aika masa da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ɗan tsaya a karanta.

Duk wanda ya tashi a Arewa lokacin da talabijin ɗaya ce a unguwa ya san Samanja Mazan Fama. Alhaji Usman Baba Pategi, Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, ɗan gidan sarauta, kuma soja ne na gaske kafin ya zo yana wasan soja a Rediyon Kaduna da NTA Kaduna, shi ya sa in ya murɗe gashin bakin nan ya daka tsawa da Hausar bariki sai ka rantse fareti ake. Da dariya ya nuna wa farar hula yadda zaman bariki yake, da raɗaɗinsa da daɗinsa.

Ran 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya karɓi abinsa a Kaduna. Kafin shi Kasimu Yero na Karambana ya riga ya tafi tun 2017.

To ga inda nake so mu ji tsoron Allah. In ɗan wasa ya rasu sai kowa ya ɗora hotonsa a Facebook, kwana biyu an wuce wajen, wasu kuma wallahi ko kunya babu su shigo ƙasan hoton suna cewa ai ɗan wasan kwaikwayo ne, me ya tara wa lahirarsa, kamar su aka ba littafin aikinsa su duba. Malam wa ya gaya maka? Sallarsa ta dare ka gani ko sadakar da ya ɓoye? Nana A'isha ta ruwaito Manzon Allah (SAW) ya ce kada ku zagi matattu, don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Hadisin na cikin Bukhari. Shi ya gama nasa, kai ne har yanzu mala'iku ke rubuta abin da yatsanka ke dannawa.

Kuma mu da muka sha dariya a hannunsa kyauta shekara da shekaru, akwai bashi a kanmu. Dattijan wasan nan da suka rage da yawa ƙarfinsu ya ƙare, wasu na kwance, a leƙa su tun suna iya amsa sallama, mai hali ya kai abin hannunsa ba sai an ɗauki bidiyo ba.

Yau in ka idar da sallar isha'i ka ambaci sunan Usman Baba Pategi a addu'arka. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa da iyayenmu da suka riga mu, amin.