Zuwa ga ƙannena da aka ɗauka aikin tuƙin jirgin sama

Ƙannena maza da mata da kamfanonin jiragen sama suka ɗauka kwanan nan, Allah Ya sanya alheri. Kun sha wahalar makaranta, kun tara awannin tashi, ga lasisi a hannu. Sai dai ku sani tun yanzu, takardar ɗaukar aikin nan izinin shiga horo ce kawai. Kujerar dama, wato ta mataimakin kyaftin, tana gaba tukuna, kuma na ga masu hazaƙa da horon nan ya mayar gida, ba don ba su iya tuƙi ba, sai don sun zo da tunanin sun riga sun iya.

Makonnin farko a aji za ka yi su. Za a jibge maka littattafai kan mai, lantarki, injin, matsin iskar cikin jirgi, iyakokin gudu da na nauyi. Wanda zai tuƙa Boeing 737 ko Airbus A320 sai an rubuta masa shaidar wannan samfurin a lasisinsa, gwanintarsa a kan ƙaramar Cessna ba za ta fisshe shi ba. Akwai kuma matakan gaggawa da ake haddacewa tsaf, don ba su jiran a buɗe littafi. Idan matsin iska ya zube a tsayin ƙafa 35,000, hankalinka ba zai wuce minti ɗaya yana aiki ba in babu iskar shaƙa. Hannu ne zai fara kai wa takunkumin iskar kafin kai ya gama tunani.

Abin da ya fi ba sababbi wuya shi ne ajiye salonsu. Kamfani yana da kalmar da yake so a furta a kowane mataki, da wanda zai furta ta, da maɓallin da za a fara taɓawa. Wani ya ce, "Ai a makarantarmu ba haka muke yi ba." Ƙanena, bar wannan maganar a bakin ƙofa. Gobe za a haɗa ka da kyaftin ɗin da ba ka taɓa gani ba, ku gaisa awa ɗaya kafin tashi, ku ɗauki rayukan mutane sama da ɗari. Abin da zai sa ku yi aiki kamar kun shekara tare shi ne bakinku ɗaya, tsarinku ɗaya.

Daga aji sai na'urar kwaikwayon tuƙi, wato simuleta. Zama ɗaya yakan kai awa huɗu, rabi kai ke tuƙi, rabi kai ke sa ido da magana da hasumiya. Na'urar ba ta barci, don haka kada ka yi mamaki in lokacinka ya faɗo ƙarfe biyun dare. Malami yana zaune a bayanku, shiru, da allonsa. Kuna gudu a kan titi, abokinka ya kira V1, gudun da in an kai shi babu sauran tsayawa, sai injin guda ya mutu. Hancin jirgi ya fizga gefe, ƙararrawa na kuka, gumi ya jiƙa maka tafin hannu. Ƙafarka ce, a kan fedar juya hancin jirgi, za ta miƙar da shi, ka ɗaga a hankali, ka bar komai sai kun yi sama. Za ka maimaita wannan har ƙafar ta riƙa kai kanta.

Don Allah kada ka shiga na'urar nan domin koyon inda maɓalli yake. Wannan aikin ɗaki ne. Liƙa hoton ɗakin matuƙa a bango, ku ja kujeru biyu kai da abokin horonka, ku yi ta nuni da yatsa kuna furta kalmomin da ƙarfi har su zauna. Ka riƙe abokin nan da amana. In ya yi rauni ka tallafe shi, domin malami yana auna yadda kuke aiki tare, kuma wanda ya haskaka shi kaɗai ya bar ɗan'uwansa a baya bai ci jarrabawar ba.

Sannan ka koyi buɗe baki. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu samfurin Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashin jirgi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da tabbaci, aka ci gaba da gudu. A 1978 kuma wani jirgi samfurin DC-8 ya ƙarar da mansa yana shawagi kusa da Portland a Amurka, hankalin kyaftin na kan matsalar taya, waɗanda ke tare da shi sun ambaci man amma ba da ƙarfin da zai juyo da shi ba. Daga irin waɗannan aka samo darasin aiki tare a ɗakin matuƙa da za a koya muku. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mun taso da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma a wannan kujerar ladabinka shi ne ka faɗa wa kyaftin a fili cewa gudu ya yi ƙasa, ka sake faɗa in bai ji ba.

Bayan kowane zama malami zai zauna da ku ya bi kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Kada ka kare kanka, rubuta kawai. Abin da ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, matambayi ba ya ɓata. In an ƙara maka zama ɗaya kafin jarrabawa, karɓa hannu bibbiyu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaron da ke gyaɗa kai don kunya, ya ɗauki giɓin nan ya hau sama da shi.

Ka kuma sanar da iyali tun da wuri cewa watannin nan ba za su same ka sosai ba, ka tsare barcinka.

In ka haye jarrabawar na'ura, za ka fara tashi da fasinjoji na gaske, kyaftin mai horarwa yana hagunka. A nan za ka ga yadda rediyo ke sauri, yadda hirar da ba ta shafi aiki ba ke yankewa a ɗakin matuƙa ƙasa da ƙafa 10,000, yadda saukar farko ke sa gwiwa rawa. Sai ya gamsu, an kuma yi maka gwajin ƙarshe, za a sake ka. Hoton bangon nan kuwa kada ka yar da shi, domin sau ɗaya ko sau biyu a kowace shekara za a sake kiran ka cikin na'urar, a kashe maka injin a daidai V1, har ranar da za ka yi ritaya.