Gangancin makanikai kan yoyon baƙin mai a tsohuwar Porsche 911

Babu abin da ke ƙona mini rai kamar makaniken da zai leƙa ƙarƙashin mota, ya ga baƙin mai yana ɗiga tsakanin inji da giya, nan take ya yanke hukunci cewa sil ɗin bayan inji, wato robar da ke hana mai fita ta nan, ya mutu, don haka dole a sauke inji. Haka wani gareji ya yi mini da Porsche 911 SC ƙirar 1980: an karɓi kuɗin kaya da na aiki, motar kuwa ta ci gaba da ɗiga a daidai inda take ɗiga.

Ashe sai an koya wa makanike cewa mai daga sama yake gangarowa? A saman injin nan, can ta wajen giya, akwai abubuwa uku kusa da juna waɗanda duk wanda ya san motar yake fara dubawa: na'urar da ke kunna fitilar gargaɗin mai, da zoben robar bawul ɗin da ke tura mai mai zafi zuwa masanyayinsa, da gaskit ɗin murfin numfashin inji. Idan ɗayansu ya saki, man yakan bi jikin inji ya sauko ƙasa, mai garaje ya ɗora wa sil laifi. Tawa matsalar na'urar fitilar ce, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Da ma an wanke injin tas, an bar shi ya bushe, an tayar da shi ya yi zafi, sannan an bi sawun man da tocila daga sama, da an gano ta ba tare da wannan ɓarna ba.

Da na koma da ƙorafi, sai maigidan garejin ya ce mini, “Alhaji, ai yayar Bitil ce, mun saba da irinsu.” Gaskiya ne an fara harhaɗa Bitil, motar Volkswagen, a Legas a 1975, kuma dukansu iska ce ke sanyaya su, babu lagireto, amma Bitil silinda huɗu gare ta da mai kusan lita biyu da rabi, wannan kuwa silinda shida ce, tana shan fiye da lita 10 a tanki na daban. Ana auna manta ne inji yana aiki kuma ya yi zafi. Su kuwa suka auna a sanyaye, suka ga kamar ya yi ƙasa, suka ɗura har ya wuce kima, ya malala cikin akwatin iska, motar ta riƙa tuƙa hayaƙi.

Mafi muni shi ne gam ɗin da suka lafta a murafun bawul na ƙasa maimakon su duba ko murafun sun lanƙwashe. Gam ɗin da ya tsattsafo ciki yana iya ɓallewa ya toshe ƙananan hanyoyin mai, kuma a injin da mai ke ɗauke masa zafi mai yawa, wannan kasada ce babba. Yanzu sai na sake biyan wani ya kankare shi, su kuma har yau sun ƙi mayar mini da ko sisi.