Akwatin Hajiya da fentin ruwa

Wasu hotuna da na gani a intanet ne suka ja min. Daga 1935 zuwa 1942 gwamnatin Amurka ta ɗauki masu zane da suka rasa aikin yi, suka zana tsofaffin kujeru da kabad da sauran kayan gargajiya kusan 18,000 da fentin ruwa, yanzu suna ajiye a babban gidan zane na ƙasa da ke Washinton. Har jijiyar katako da inda hannu ya goge kana gani. Na ce ai mu ma muna da akwatin auren kakata Hajiya, mai kwaɗon tagulla, bari in zana shi.

Takardar zanen fentin ruwa mai kauri ce, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ta auduga. Akan jiƙa ta minti biyar, a manne gefunanta a jikin allo ta bushe a miƙe. Ni ta fotokwafi mai giram 80 na ɗauko, wai ina tsimi. Shafar farko ta kumbura, ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali.

Ƙa'ida ita ce a fara da launi mai haske, tsararo, a bari ya bushe sarai, a ɗora ja-ja na katako, inuwa ta zo ƙarshe. Ba a sa farin fenti. Inda kwaɗo ke ƙyalli farar takardar ake bari. Sai da na shafe kwaɗon kaf na tuna. Ga hunturu: kafin in sake tsoma burushi gefen ya bushe, ya bar layi. Na ɗiga ruwa in gyara, ruwan ya ture launin da bai gama bushewa ba, murfin akwati ya fito da ƙyasbi. Jijiyar katako da burushi mai ɗan danshi kawai ake ja, nawa kuwa yana ɗiga. Launi biyu sun isa inuwa, na haɗa biyar, na samu laka. Sau biyu ina wanke burushi a kofin shayina.

Na kai wa Hajiya. Ta juya takardar sama, ta juya ƙasa, ta kai hanci.

"Maigidana, Allah ya yi albarka. Amma kilishin nan ya sha wuta."

Na ce akwatinta ne. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ja takardar ta rufe kwanon kununta saboda ƙuda.