Yaron nan ya san dokar "their" tun kafin ya shiga aji

"Their car are new." "One of my friend is coming." "The books are our's." Duk wanda ya taɓa makin ɗin takardar ɗan sakandare, ko ma kawai yake karanta turancin da mutanenmu ke zubawa a Facebook, ya san irin waɗannan jimlolin, kullum sai ka ci karo da su har a wajen masu digiri. Kuma abin da aka saba cewa wai Hausa ce take ɓata wa yaro turanci. Ni dai wlh ban yarda ba, a wannan gaɓar ta my da your da their Hausa ba ta da laifin komai, mu ne muka ƙi amfani da ita a aji.

Ku duba mana. Yaro ɗan shekara biyar a Kano ko Zinder zai ce "motarsu ta lalace", in motocin da yawa ne ya ce "motocinsu sun lalace". Ba za ka taɓa jin ya ce motarsu sun lalace ba, ko da masu motar su hamsin ne, saboda ya san abin da ya lalace mota ce guda ɗaya ba masu ita ba. Toh ai dokar turancin kenan ba ragi ba ƙari, aikatau yana bin abin da aka mallaka ne, ba ruwansa da yawan masu shi. "Their car is new", "their cars are new". Haka in ka juya, mutum ɗaya mai abu da yawa, "my shoes are dirty", takalmana sun yi datti. Amma yaron da ya iya wannan a gida sai ya zo aji ticha ya cika allo da tebur, my your his her its our their, a yi ta rerawa kamar karatun sha ɗaya sha biyu, a ce masa their jam'i ne, shi kuma daga nan duk inda ya hango their sai ya manna masa are. Waye ya ɓata shi a nan fisabilillahi?

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne Hausa ta fi turanci wahala a wannan fannin nesa ba kusa ba. Mu muna lura da abu biyu lokaci guda, jinsin mai abu da jinsin abin kansa, gidansa, gidanta, motarsa, motarta, wannan n da r ɗin da ke tsakiya suna canzawa ne da abin da aka mallaka, in jam'i ne kuma kowa ya koma n, motocinsa. Turanci his ne kawai ko her, ko gida ne ko mota ko motoci dubu ba ya motsi. Sannan mu muna da gidanka, gidanki, gidanku, su duk your ne. 'Yan uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci nasu ma daban ne, son da sa da ses suna bin abin da aka mallaka ne, ba sa nuna maka ko mai shi namiji ne ko mace. Wato Bahaushe yana riƙe da na Bature biyu a baki ɗaya amma a ce shi ne ba zai gane ba.

Sai doguwar mallaka, nawa, tawa, namu, tamu, nasu, tasu, wadda take daidai da mine, ours, theirs. A nan mutane da yawa suke tsayawa cak, wai shin "mine is" ake cewa ko "mine are". Duka biyun daidai ne, ya danganta da abin da kake nufi. In waya ɗaya ce, tawa ta mutu, "mine is dead". In takalma ne, nawa sun tsufa, "mine are old". S ɗin da ke ƙarshen ours da yours da theirs ba alamar jam'i ba ce, shi ya sa "ours is bigger" take daidai in gida ɗaya ake magana a kai. Kuma dan Allah ba a sa musu wannan ɗan waƙafin na sama, babu our's babu your's babu their's. Its ma haka, in ka ga it's da waƙafi to it is ne ko it has aka gajarta. Wannan kam Turawan kansu suna tafka shi kullum, ba mu kaɗai ba.

Inda zan yarda Hausa tana ja wa mutum kuskure wuri biyu ne, kuma ko su ɗin da an nuna wa yaro sau ɗaya an gama. Na farko mu muna cewa suka ɗaga hannunsu, suka sunkuyar da kansu, ba wanda zai ji wani iri, amma turanci ya fi son jam'i in kowa da nasa, "they raised their hands", "they lost their lives". Na biyu kayan da mu tilo ne su jam'i, wandona ya yage amma "my trousers are torn", tabarau da almakashi ma haka suke, glasses are, scissors are. Ga kuma na juye, furniture da luggage da information ba sa ɗaukar s ko kayan sun cika tirela, "their luggage is heavy". Shi kuwa "one of my friend" ban ga ta inda za a ɗora wa Hausa ba, tunda ba mai cewa ɗaya daga cikin abokina, abokaina muke cewa, sannan mu ce ya zo. "One of my friends is coming", sak.

Wani abin kuma, a daina nuna wa yara turanci kamar wani abu ne da ya sauko a shirye. Their ɗin nan da they da them aro ne daga harshen mutanen arewacin Turai, 'yan Baikin da suka mamaye wani yanki na Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce. Its kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya fara bayyana, kafin nan his ake cewa har ga abu mara rai. Yanzu haka ma ba su gama daidaitawa a tsakaninsu ba, masu zuwa gidan kallon bal sun san mai sharhi ɗan Ingila cewa yake "Chelsea have sacked their manager" alhali Ba'amurke ya fi ɗaukar kamfani ko gwamnati a matsayin abu ɗaya ya ce has da its, kamar dai yadda mu wani zai ce Chelsea ta kori kocinta wani ya ce sun kori kocinsu. Ga "everyone should bring their book", wanda tsofaffin malamai ke ja wa jan biro su ce sai dai his, alhali an yi ɗaruruwan shekaru ana faɗar haka a turanci. A jarabawar WAEC ko NECO in kana tsoron mai makin kawai ka mayar da jimlar jam'i, "all students should bring their books", ba mai taɓa ka.

Na san wasu za su ce ai in aka shigo da Hausa ajin turanci yara ba za su dage ba, kuma akwai makarantun kuɗi da har tara suke cin yaro in an kama shi yana Hausa. Toh mun ji, an yi shekara da shekaru ana haka, ga sakamakon nan muna gani, yaro ya gama aji shida na sakandare yana neman kiredit a turanci don ya samu jami'a amma yana rubuta their house are big. Ni ba cewa na yi a koyar da turanci da Hausa daga farko har ƙarshe ba, minti biyar kawai nake roƙo, ticha ya rubuta motarsu ta lalace a gefe ɗaya na allo, their car is broken a ɗaya gefen, ya tambayi aji me ya sa ba mu ce sun ba. Malaman turanci da ke nan, wanda ya taɓa gwada haka a ajinsa ya faɗa mana yadda ta kaya.